Daga Wa Ka Ji, a Ina Ka Samu?

Sunayen wasu kamfanoni biyu na Amurka sun shiga bakin mutanen Zariya sun zauna daram, har tsohuwar da ba ta taɓa riƙe babbar waya ba ta san su. Zauna teburin mai shayi a Samaru bayan isha'i, ba za a jima ba musu zai kaure, ko kan ƙwallo ko kan siyasa, sai wani ya zaro waya ya ce a tambayi Malam Google. Ka dami abokinka da tambaya, ya ce maka, "Kai, ni Google ne?" Matar da ta san halin da kowane gida yake ciki a layi, Google ɗin unguwa ake ce mata. Baƙon da aka rasa gane asalinsa, a ce wannan ko Google bai san shi ba. Ga kuma Shehu Google, laƙabin matashin da bai taɓa durƙusawa gaban malami ba amma yana yanke hukuncin saki da rabon gado. In ka gangara Sabon Gari, wajen PZ ko cikin kasuwa, ɗaya sunan ne ya fi yawo. "An yi masa Yahoo," wato an damfare shi. "Ɗan Yahoo ne," wato yaron nan mai sabuwar mota da ba wanda ya san wurin aikinsa.

Da raha ake faɗar waɗannan, amma ni suna tayar mini da hankali. Kowane ɗaya daga sunayen nan ya zauna ne a gurbin wata tambaya da iyayenmu ba sa wasa da ita. In ka kawo magana su ce daga wa ka ji, in ka kawo abin hannu su ce a ina ka samu. Yau da an ce "a Google na gani" sai kowa ya ja bakinsa ya yi shiru. Ta biyun kuwa gidaje da yawa sun daina yin ta ɗungurungum.

Kamfanonin ba su da laifi a nan. Ɗalibai biyu ne, Jerry Yang da David Filo, suka fara Yahoo a 1994 a Jami'ar Stanford, suna jera shafukan intanet da suka ga masu amfani ne. Google ma daga jami'ar ta fito, a hannun Larry Page da Sergey Brin, ta zama kamfani a 1998. Dabarar da ta ɗaga ta sama da sauran manhajojin bincike daga al'adar malaman jami'a aka aro ta. Su malaman suna auna darajar maƙala da yawan masanan da suka kafa hujja da ita, sai waɗannan samari suka sa na'ura ta riƙa auna shafi da yawan shafukan da suka yi nuni gare shi, da kuma nauyin su masu nunin. Kula da wa ya ambaci wa, shi ne tushenta. Da ta iso hannunmu sai muka mai da ita hanyar guje wa wannan kulawar.

Abin ya fi ciwo da yake a Zariya muke. Tun kafin zuwan Bature almajirai ke niƙo gari daga garuruwa masu nisa zuwa zaurukan cikin birni, irin na Unguwar Juma da Kona, neman nahawu da lugga da fiƙihu. A zaure ba a tsallake. Sai ka sauke Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ka shiga Risala da Askari, kafin a bar ka ka taɓa Muhtasar, kana jan baƙi malam yana fassara maka layi bayan layi, yau shafi guda, gobe wataƙila rabin shafi. In baƙon malami ya sauka a gari, kafin a shimfiɗa masa buzu sai an ji wurin wanda ya yi karatu, shi kuma malamin nasa wurin wa. Malaman hadisi fanni sukutum suka gina a kan wannan, suna bin masu ruwaya ɗaya bayan ɗaya, wane ne mai gaskiya, wane ne mai mantuwa, wane ne bai ma taɓa haɗuwa da wanda ya ce ya ji daga gare shi ba. Kowa kuma ya san ayar Suratul Hujurati da ta yi umarni a tantance labari kafin a yi aiki da shi.

Da boko ta kafu a Samaru, ba ta zo da saɓanin haka ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe ranar 4 ga Oktoba, 1962, kuma cikin abubuwan da suka fitar da sunanta duniya akwai Sashen Tarihi na zamanin Abdullahi Smith da Yusufu Bala Usman, wanda ya rasu a 2005. Tarbiyyar da suka yi wa ɗalibai ita ce kada ka haɗiye rahoton Razdan, ko tarihin fada, ko kirarin maroƙi, sai ka tambayi wa ya faɗa, yaushe, don wa, kuma me yake nema da faɗar. Ga Cibiyar Binciken Aikin Gona, wadda asalinta ke komawa 1922. Irin shukar da take fitarwa da sunan Samaru a goshinsa yake fita, SAMMAZ na masara, SAMPEA na wake, SAMNUT na gyaɗa, SAMSORG na dawa, kuma ba a sakin iri sai an yi damina bayan damina ana gwada shi a gonaki ana rubuta abin da aka gani. Manomin da bai taɓa taka ƙofar cibiyar ba yana zuba jarinsa na shekara a kan wannan suna, saboda ya yarda akwai waɗanda suka tsaya cikin rana suka auna.

To, ga abin da idona ya gani a wani shagon buga takardu, cikin waɗannan da suka cika bakin titi, ƙarar janareto ta hana a ji juna sai an ɗaga murya. Wani saurayi daga ɗaya daga manyan makarantun garin nan ya shigo da guntuwar takarda. "Yaya, ga taken furojet ɗina, jibi ake karɓa." Mai shagon bai ko ɗago kai ba, ya buga taken a Google. Shafi na biyu ko na uku da ya buɗe, sai ga aiki mai kusan irin taken, babi na ɗaya zuwa na biyar, a biya kuɗi kaɗan a sauke. Aka biya, aka sauke. Wani ne ya yi aikin kan wata ƙaramar hukuma a kudu. Mai shagon ya sa kwamfuta ta nemo sunan garin duk inda yake ta musanya shi da Sabon Gari, ya gyara shekara. Jadawalin amsoshin mutanen da aka ce an yi wa tambayoyi kuwa ko wasali ba a taɓa ba, mutanen wancan garin suka koma mutanen Muciya da Dogarawa cikin ƙiftawar ido. Saurayin ya ɗan yi jim ya ce, "Yaya, ba za a gane ba?" Mai shagon ya ce, "Wa ke karantawa?" Shafi guda kawai yaron ya zauna ya rubuta da kansa, shi ne na sadaukarwa ga mahaifansa.

Wannan amsa ta mai shago ita ce ta fi tsaya mini a rai, domin ba yaron kaɗai ta tona ba. Akwai malamin da zai sa hannu a shafin farko cewa ya duba aikin. Na san uzurin, kuma ba ƙarya ba ne: malami ɗaya da ɗalibai gommai a wuyansa, albashin da ba ya kai wata, yajin aikin da a 2022 kaɗai ya cinye wata takwas, sannan a dawo a ce a cusa zango biyu cikin ɗaya. Duk da haka sa hannu shaida ce, kuma shaida a kan abin da ba ka gani ba sunanta sananne ne a addini. Tambaya uku a baki ta isa ta bambance wanda ya taka ƙafa ya shiga kasuwa ya raba takardun tambaya da wanda ya sauke daga waya. A wace rumfa ka fara? Wa ya ƙi amsa maka? Me ya ba ka mamaki? Minti biyar ne.

Ya kamata kuma mu san abin da muke kira Malam ɗin. Google ba ta san gaskiya da ƙarya ba. Tana tattara abin da mutane suka rubuta ne ta jera, na saman jerin sau da yawa talla ce da aka biya, kuma akwai masu sana'ar tura shafinsu sama ko da shirme ne a ciki. Da Hausa abin ya fi muni, saboda rubutun da ke akwai kaɗan ne, don haka shafin da wani yaro ya kwafo daga wani yaro shi zai fito a farko, ba don ingancinsa ba, don babu abokin takara. Tun ƙarshen 2013 aka sa Hausa cikin manhajar fassara ta Google, kuma ta taimaka, amma tana iya juya maka jumlar fiƙihu ko ta likitanci ta koma kishiyarta ba tare da ta nuna alamar shakka ba. Daga Nuwamban 2022 da ChatGPT ta fito kuma an shiga wani sabon babi. Waɗannan manhajoji suna tsara amsa mai santsi, wani lokaci har da sunan littafi da lambar shafi, ka je Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim da ke Jami'ar Ahmadu Bello ka duba ka tarar ba a taɓa wallafa littafin ba. Wanda ya san fannin zai gane. Wanda bai sani ba, shi ne ya fi yarda, shi ya sa Bahaushe ya ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

A fagen addini ɓarnar ta fi saurin kai wa ga gida. Miji ya furta magana cikin fushi, maimakon a je wurin malami ko alƙali a zayyana masa yadda aka yi, lafazin da aka faɗa, da halin da ake ciki, sai ƙanin matar ya buga a waya ya karanto fatawar da aka ba wani mutum a wata ƙasa, kan wata mazhaba, a kan wani yanayi dabam, ya ce aure ya mutu ko bai mutu ba. Fatawa amsar mutum ce takamaimai, shi ya sa mufti yake yawan tambaya kafin ya buɗe baki. Waya ba ta tambayarka komai. A fagen lafiya ma haka, mutum ya shiga kemis da sunan magani a bakinsa, ba gwaji ba awo, ya sha na kwana biyu ya ajiye, gobe ƙwayar cutar ta daina jin maganin. Waɗanda suka yi wayo a Agustan 2014 ba su manta asubahin da aka tashi gari da kiran waya da saƙonni cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha don kare kai daga Ebola ba. Masu digiri sun yi, marasa digiri sun yi, wasu suka rasa rayukansu, aka kwantar da wasu. Da kowa ya tambayi wanda ya kira shi daga wa ya ji, da maganar ba ta wuce gida uku ba.

Kada a ce ina kiran a jefar da waya. Ɗalibin da ya san abin da yake nema yau yana iya karanta maƙalar da malamansa suka yi wata da watanni suna jiran a aiko musu ta gidan waya. Bakanike a Kwangila yana duba zanen injin motar da bai taɓa buɗewa ba. Matambayi ba ya ɓata, gaskiya ne, amma fa in ya san wanda yake tambaya, kuma in an nuna masa hanya ya taka ya je ya gani. Google tana kai ka bakin ƙofar mai magana ne. Duba ko wane ne shi, wannan aikinka ne.

Yahoo kuwa labarinta ya fi baƙi. Damfarar wasiƙa ta girmi intanet, tun ana aika ta a ambulan, kuma daga lambar wani sashe na dokar laifuka ta samo sunan 419. Da shagunan intanet suka bazu a farkon shekarun 2000, lokacin da ake biyan kuɗin kwana a kafe saboda da dare layi ya fi gudu, sai aikin ya koma imel, kuma adireshin Yahoo kyauta ne, shi kowa ke buɗewa. Daga nan sunan ya manne. An kafa hukumar EFCC ta fara aiki a 2003 a ƙarƙashin Nuhu Ribadu, wanda a nan Zariya ya karanta lauya, an yi dokar laifukan intanet a 2015, amma abin sai rassa yake yi: soyayyar ƙarya, satar imel ɗin kamfani a karkatar da biyan kuɗi, har da wanda ake kira Yahoo Plus, inda ake haɗawa da tsafi.

Mun daɗe muna cewa wannan ta mutanen kudu ce. Wanda ke zaune a Sabon Gari ya san ba haka ba ne yanzu. Da Hausa tsantsa ake kiran tsofaffi a ce daga banki ne, za a rufe asusu in ba a karanto lambar da ta shigo waya ba. Da sunan ɗan'uwa ake kutse a Facebook da WhatsApp a ce an kwantar da shi a taimaka. Wani dattijo mai kayan masarufi da nake sayayya wurinsa ya gamu da tasa a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun kuɗi da ya tilasta wa kowa karɓar taransifa. Saurayi ne tsaf-tsaf, ya gaida shi da ladabi, ya sa aka fitar da buhun shinkafa biyu da jarkar mai. "Alhaji, ba ni lambar akawun." Ya danna ya nuna masa fuskar waya, can sai saƙo ya shigo ƙaramar wayar Alhaji, ya ga adadin daidai, har ya sa yaronsa ya taya lodi a Keke Napep. Da yamma ɗansa ya duba ta manhajar banki ya ce, "Baba, ai ba abin da ya shigo." Asarar kuɗin ya shanye ta. Abin da bai warke ba shi ne yanzu ko matar da ta shekara ashirin tana saye wurinsa sai ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri ki ɗan zauna, sai yaro ya tabbatar," yana faɗa yana sunkuyar da kai. Sabon Gari da ta tashi tare da layin dogo wajen 1911 ta haɗa Bahaushe da Bayarabe da Ibo da Banufe, kuma da yarda aka yi cinikin da ya riƙe ta. Fataken Hausa a Sabo ta Ibadan da zangon Kumasi sun sayar da shanu da goro bashi a kan kalmar maigida kawai. Wannan jarin ne yaran nan ke ci, kuma ba nasu ba ne su kaɗai.

Furojet ɗin da aka sauke daga waya da saƙon shigar kuɗin da Alhaji ya gani abu ɗaya ne a wurina: rubutu ne da ke cewa akwai, alhali babu. Yaron da aka bari ya wuce da na farko, aka sa masa riga da hula aka ɗauke shi hoto, an koya masa cewa takarda ta fi gaskiya muhimmanci, kuma ba wanda ke dubawa. Ban ce duk mai satar furojet zai zama ɗan damfara ba. Na ce darasin guda ne, kuma a hannun manya ya koye shi.

'Yan Yahoo suna da hujjojinsu. Ba aiki, shugabanni ma sata suke yi, kuma wai Turawa ake cuta. Rashin aikin gaskiya ne, satar manya ma gaskiya ce, amma babu ɗaya da ke halatta dukiyar wani, Musulmi ne ko ba Musulmi ba, a Landan yake ko a Hayin Dogo. Da yawa cikin waɗanda ake yashewa ba masu ƙarfi ba ne, tsofaffi ne da zawarawa da masu ɗan abin fansho. Sannan wa ke biyan bashin? Matashin kirki mai rubuta manhaja da ke neman aiki daga waje, ana ganin Najeriya a adireshinsa a ja baya. Ɗalibin da 'yan sanda ke tarewa a hanya su bincike wayarsa don sun gan shi da kwamfuta a jaka, wanda yana cikin ƙorafin da ya haifar da zanga-zangar EndSARS a Oktoban 2020. Su kansu gwanayen, ƙarshensu a bayyane yake. Ramon Abbas, wanda aka sani da Hushpuppi, a da mabiya sama da miliyan biyu ke kallon motocinsa da agogunansa a Instagram. An kama shi a Dubai a Yunin 2020, kotun Amurka ta ɗaure shi wata 135 a Nuwamban 2022.

Kotu da EFCC ba su ne matakin farko ba. Matakin farko tsakar gida ne. A da, yaro ya shigo da biro ɗin da ba a saya masa ba, sai uwa ta tasa shi gaba har ƙofar makaranta. Yanzu ɗan shekara ashirin da biyu, ba shago ba ofis, barci da rana waya da dare, ya kawo wa uwa atamfa mai tsada da kujerar Umara, sai a ce Allah ya yi masa buɗi. A wurin biki ya yi liƙi, maroƙa su wasa shi, ƙannensa na kallo suna lissafi. A kai gudummawarsa masallaci a karɓa a yi masa addu'a a lasifika. Hajiya, ke kika fi kowa sanin ɗanki, kuma kin san lokacin da zuciyarki ta ɗarsa. Kada kunyar talauci ta hana ki tambaya. Allah gafarta Malam, kuɗin da ka san ba a san tushensa ba, mayar da shi ya fi wa'azin Juma'a goma tasiri a kan samarin unguwa.

Haka wajen aure. Binciken da ake yi kafin a ba da 'ya ya koma tambayar gidan su wa da irin motar da yake hawa. In aka ce sana'arsa fa, a ce yana harkar onlayin, sai a wuce. Harkar onlayin ta halal tana nan da yawa, akwai masu zane, masu rubuta manhaja, masu koyarwa, masu sayar da kaya, kuma duk mai yin ta yana iya zaunar da kai ya nuna maka wanda ke biyansa da aikin da yake yi masa, har ma daɗi zai ji an tambaye shi. Waliyyi ya kira yaron ya ce, "Samari, buɗe ka nuna mini." In shi bai gane harkar kwamfuta ba, Samaru ba ta rasa wanda ya gane, ya nemi ɗaya cikin 'yan'uwa ko maƙwabta ya zauna tare da su. In yaron ya fara kame-kame, a dakatar da karɓar kayan sa rana har sai ya nuna.